Uwar Rigar Kofur

Asabar, 10 ga Agusta, 1957, da hantsi

Yau ne masu zuwa gaisuwa suka ɗan ragu, har na sami inda zan miƙe ƙafa. Tun ranar Talata gidan nan bai huta ba, ni ma haka. Inna ta shiga takaba, tana ɗaki da carbinta, ba ta ce wa kowa komai sai “Allah ya ba da lada.” Baffa Shehu, yayan Baba, ya zo daga Katabu ya tare a zaure, shi yake karɓar maza.

Baba ne ya koya mini boko, shi kuma a soja ya koyo. Yakan ce in abu ya tsaya wa mutum a wuya ya rubuta shi, ya fi ya kai wa maƙwabta. To ga shi ina rubutawa. Abin ranar Talata dai ba zan rubuta shi ba tukuna.

Ban san unguwarmu Abakpa tana da mutane haka ba. Akawuna daga Sakateriya, masinjoji, tsofaffin sojojin da suka yi yaƙin Bama tare da shi, har da wani Bayarabe mai sayar da yadi da ya zauna yana share hawaye da hularsa. Ko'ina “Kofur Datti, Kofur Datti.” Rabinsu kuma rigar ce a jikinsu.

Jamfa ce mai tsayayyen wuya irin na kakin soja, da aljihu a ɓoye, da tsaga mai maɓalli a gefe don kada sarƙar basukur, wato keken hawa, ta kama ta. Mutum ya ɗaga hannu har sama, rigar ba ta bin sa. Baba ne ya ƙirƙiro ta bayan ya dawo, muƙaminsa ya bi ta, yanzu a Kaduna ka ce a ɗinka maka Kofur an gane. Teloli da yawa sun kwaikwaya, tasu sai ta shaƙe mutum a hammata.

Lahadi, 11 ga Agusta, bayan la'asar

Na shiga ɗakin ɗinki da tsintsiya, sai na tsaya cak. Keken ɗinki yana nan, almakashi yana nan, amma ƙusoshin bango babu komai a jikinsu.

Baba ba ya yankan riga daga takarda. Ya ce a Bama ya ga yadda ruwa da gara suke cinye takarda, daga nan ya daina yarda da ita. In ya ƙirƙiro sabon yanka, da akoko, yadin nan mai arha, yake fara yi, ya harhaɗa da manyan ɗinkin hannu, ya sa a jikinsa ya yi ta yawo a gida. Inda ta matse ya ƙara ƙyalle, inda ta yi yawa ya rage. In ta zauna daidai sai ya rataye ta, ya ce wannan ita ce uwa. Duk rigar da za a yi, zai kwance uwar, ya shimfiɗa gutsattsarinta a kan yadi, ya ƙara ko ya rage gwargwadon jikin mai ita, ya yanka, ya sake harhaɗa ta ya mayar bango. Wanda bai sani ba tsummokara zai gani, duk faci da zanen gawayi.

Na tambayi Inna. Ta ce ranar sadakar uku Baffa ya sa a tattaro tufafin Baba a raba wa mabukata, kamar yadda aka saba. Ya shiga ɗakin da kansa, ya ga riguna a rataye, ya kwaso ya haɗa. Har yana faɗa, wai mutum tela guda ya bar kansa cikin tsumma. Inna ba ta sani ba sai da aka gama rabo, ni kuwa ina tsakar gida ina dakan gumba.

Ban yi kuka ba. Na ƙarasa sharar.

Litinin, 12 ga Agusta, da safe

Na sake leƙawa ko idona ne. Ba idona ba ne.

Laraba, 14 ga Agusta, bayan azahar

Baffa ya kira ni zaure. Mutumin kirki ne, muddin ba ka ce masa a'a ba. Ya ce ranar arba'in za a raba gado. Magadan mu uku ne, ni da Inna da shi, tunda Baba bai bar ɗa namiji ba. Gidan na haya ne, abin da yake da daraja keken ne kaɗai, keke kuwa ba a tsaga shi, sai dai a sayar. Wani tela daga Kawo har ya riga ya yi magana.

Na ce, “Baffa, zan iya aiki da shi.”

Ya ce, “Ke kike yanka rigunan?”

Na ce a'a. Gaskiya ce. Tun da gwiwoyin Baba suka ƙi taka keke, ni nake ɗinke komai daga cikin gida, masu riguna ba su sani ba. Amma almakashi bai taɓa barin hannunsa ba. Kullum sai ya ce bayan Sallah zai nuna mini yankan hammata. Sallah ta zo ta wuce, muka shagala.

Baffa ya ce, “To kin gani. Kuma Kaltume, mutanen Zariya, dangin tsohon mijinki, da suka zo gaisuwa sun yi mini maganar kome. Ki koma ɗakinki ya fi. Wa zai riƙe ku, ke da uwarki? Ni manomi ne.”

Ba zan rubuta maganar Zariya ba. Abin da zan rubuta shi ne, ranar da na dawo daga can, Baba ya dube ni, ya dubi wuyan hannuna, bai tambaye ni komai ba. Ya ce, “Zauna ki riƙe mini bakin yadin nan.” Tun daga ranar nake a ɗakin ɗinki.

In keken ya tafi, ni ma na tafi. Tsoro nake ji.

Juma'a, 16 ga Agusta, bayan la'asar

Na gaya wa Saje Sabo. Aminin Baba ne tun Bama, yanzu masinja ne a wani ofis, kafaɗarsa ta hagu a sauke take tun can. Ya ce, “Wato Shehu ya yi sadaka da shago sukutum bai sani ba.” Na ce don Allah kada ya faɗa wa Baffa, da zuciya ɗaya ya yi.

Bayan masallaci Saje ya tare liman. Liman ya ce abin da aka bayar don Allah ba a komawa kansa, ko da saye ne. Saje ya ce, aro fa? Liman ya shafa gemu, ya ce aro tsakaninka ne da mai kaya.

Saje ya san waɗanda suka tsaya a ƙofa ranar rabon tufafin. Ya ce zai bi su ɗaya bayan ɗaya, ai masinja ba ya rasa hanya.

Talata, 20 ga Agusta, da hantsi

Yau na yi dariya, karo na farko.

Uwar wando tana hannun Mamman ɗan garuwa. Saje ya kawo shi har ƙofar gida, yana ta cika yana batsewa. Ya ce shi ba ya raina kyauta, balle ta mamaci, amma wandon nan ya ba shi kunya. Ya tsuguna a bakin famfo zai ɗauki garwa, sai ya ji iska tana shiga ta inda bai kamata ba. Ƙafa ɗaya ta yi gabas, ɗaya ta yi yamma, ga mata cike da wurin.

Ya ce, “Hajiya, ashe haka manyan teloli suke ɗinka wa kansu?”

Na ce ni ba Hajiya ba ce, ya ba ni aronsa zuwa gobe, zan mayar masa da shi wandon gaske. Na shimfiɗa gutsattsarin a kan akoko na zana, sannan na ɗinke masa nasa da keke, ɗinki biyu-biyu. Sadakar tana nan, sai ma gyaruwa da ta yi.

Saura uwar Kofur. Ita ce gaba ɗaya abin.

Alhamis, 22 ga Agusta, da safe

Ruwa tun asuba. Wuyan hannuna yana ciwo in an yi sanyi. Inna ta sha kunu rabin ludayi.

Asabar, 24 ga Agusta, bayan azahar

Saje ya ce in uwar ta ƙi samuwa, a kwance 'yarta a gani. Sirrin yana cikin hammata, a naɗe a ƙarƙashin shafi, ba ya ganuwa sai an farke. Tasa ba za ta yi ba, Baba ya karkatar da ita don kafaɗarsa. Sai ya bi akawunan da yake kai wa takardu.

Kowa ya ƙi. Ɗaya ya ce yanzu ma ya fara son tasa, tunda ba za a ƙara yin irinta ba. Wani ya tambaya wa zai mayar da ita in an kwance. Da Saje ya ce 'yar marigayi, sai ya yi murmushi ya ce Allah ya jiƙan Kofur. Ina ma ya san wadda ta ɗinka ta jikinsa.

Ban ga laifinsu ba. Ni ma da tawa ce, ban san ko zan bayar ba.

Laraba, 28 ga Agusta, gab da magariba

An same ta. Gara a ce ba a same ta ba.

Tana wurin Malam Audu, wani dattijo mai gadin sito a bakin tasha. Na sa mayafi muka tafi da Saje. Matarsa Binta ta karɓe mu hannu bibbiyu. Ta ce rigar wanki ɗaya ta yi ta wargaje a cikin ƙwarya. Ta ga ƙyallaye ne masu kyau, sai ta yi gammo da wani, ta toshe yoyon rufi da wani, sauran ta yayyaga ta yi wa jikanta ƙunzugu. Tana ba mu labari tana jin kunya, wai ta lalatar da kyauta.

Ta kwance gammon ta miƙo mini. Wuyan rigar ne, da zanen gawayin Baba a jiki, ya kusa gogewa. Na juya shi na juya, na mayar mata, na ce ba komai. Malam Audu ya ce shi dai bai ko sa ta ba, ga shi sanyin damina yana damunsa a wurin gadi.

Muka kamo hanyar gida ni da Saje.

Alhamis, 29 ga Agusta, da safe

Ban shiga ɗakin ɗinki ba.

Asabar, 31 ga Agusta, bayan la'asar

Na ɗauki almakashi. Na ce ai na ɗinka hammatar nan sau ba adadi, hannuna ya san ta. Ashe hannu ya san haɗawa ne, bai san inda aka faro ba. Na yanka a akoko, na haɗa, na sa a jikina, na ɗaga hannu, rigar ta biyo ni har wuya. Na sake, ta yi jaka a ƙirji. Na sake, ta fi ta farko muni.

Inna ta leƙo ta ga ni cikin rigar maza hannu a sama. Ta ce, “Ke, sallama kike yi wa jirgin sama?” Ta koma ɗaki. Na tabbata na ji ta tana dariya ƙasa-ƙasa, ko kuka ne, ban bambance ba.

Litinin, 2 ga Satumba, bayan azahar

Telan Kawo ya zo duba keke. Ya taka shi, ya kasa kunne, ya buɗe ciki ya shinshina kamar mai sayen kifi. Ya ce an kula da shi. Ni na san wadda take zuba masa mai.

Yana fita Saje ya shigo zaure. Ina bayan ƙofa, na ji komai. Bai cika mini alkawari ba.

Ya ce, “Malam Shehu, tsummokaran nan da ka rabar, ka san mene ne su?”

Ya faɗa masa tiryan-tiryan, har da wandon Mamman, har da gammo. Ya ce yarinyar nan ta yi ta yawo a ruwa tana bin su, ta hana a gaya maka don kada ranka ya ɓaci. Ya ce ita take ɗinka rigunan tun da daɗewa, abu ɗaya ya rage mata, shi ne ka bayar.

Na jira faɗa, ban ji ba. Can Baffa ya ce, “Ka gama?” Ya ɗauki sandarsa da buta, ya fita neman motar Katabu. Ko sallama bai yi wa Inna ba.

Laraba, 4 ga Satumba, da hantsi

Na yi fushi da Saje, ya zo ya zauna a dakali ya ce in yi ta yi, shi Japan ma sun yi fushi da shi. Daga nan ya shiga ba ni labarin da Baba bai taɓa ba ni ba.

Ya ce a wurin wani tela Ba'indiye Baba ya koyi yanka, a sansani, ba mai jin yaren wani, da hannu suke magana. A daji kuwa aikinsa facin kaki da gidan sauro. Amma in aka rasa mutum, babu likkafani, a bargo ake naɗe shi. Baba ne yake ɗinke bargon. Ko ana harbi ba ya yarda ya yi ɗinkin gaggawa, sai ya yi shi ƙanana a jere, ya ce wannan ce rigar mutum ta ƙarshe. Musulmi da Kirista duka, duk wanda aka kawo. Saje ya ce, “Da ya dawo ya ce mini ya gaji da ɗinka wa waɗanda ba za su motsa ba. Yana so ya yi rigar da mai rai zai ɗaga hannu a ciki.”

Baba ya rasu. Ranar Talata, shida ga Agusta, bayan ya karya kumallo, yana zaune yana zare zare daga hularsa. Na rubuta. Na yi kuka har Inna ta fito ta zauna kusa da ni, abin da ba ta taɓa yi ba tun ina yarinya.

Juma'a, 6 ga Satumba, bayan la'asar

An aiko da goro daga Zariya. Inna ta ce a mayar, ita tana takaba, ba ta karɓar goron kowa. Ban san tana da wannan muryar ba.

Asabar, 7 ga Satumba, da safe

Shiru daga Katabu.

Lahadi, 8 ga Satumba, bayan azahar

Baffa ya dawo, ƙafarsa duk taɓo, da ƙunshi a hammata. Ya aika a kira ni. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon bango. Ya kwance ƙunshin. Kofur ce, shuɗiya, sabuwa fil, sai layin ninki da ƙanshin adaka.

Ya ce, “Shekarar da ubanki ya fara yin ta ya aiko mini. Ban sa ba. Tun da ya shiga sojan Nasara ba da yardarmu ba, na ce ba ni ba kayansa.” Ya gyara zama. “Jikinmu ɗaya da shi. Ki kwance ta ki ga abin da za ki gani.”

Na ce, “Baffa, ita kaɗai gare ka daga hannunsa.”

Ya ce, “Na sani. Ɗauki kafin in sake shawara.”

Litinin, 9 ga Satumba, da hantsi

Na daɗe da reza a hannu ban taɓa ta ba. Wannan ɗinkin ƙafarsa ne, tun kafin in karɓi keke, ƙanana a jere. Na yi bisimilla na fara daga gefe.

Da na buɗe shafin hammata sai na ce, kai Baba. Ɗan ƙyalle ne mai kusurwa huɗu, wanda na sha ɗinkawa, amma ba a bin tsawon yadi aka yanke shi ba, a karkace ne, shi ya sa yake miƙewa in an ja. Ramin hannun kuma ya ɗaga shi sama fiye da yadda hankali zai ba mutum, ni kuwa ina ta zurfafa shi don a sami sarari. Duk wahalar nan a kan abin da bai kai tafin hannu ba.

Na zana kowane gutsure a kan akoko, na harhaɗa da manyan ɗinkin hannu. Na rataye ta.

Alhamis, 12 ga Satumba, bayan la'asar

Na mayar da ta Baffa yadda take, na bi ramukan allurar Baba ɗaya-ɗaya. Sannan na ɗauko ragowar wani yadi mai kauri na yanka wa Malam Audu mai gadi tasa, tunda sadakarsa ta wargaje. Shi gajere ne mai faɗin kafaɗa, dole na rage nan na ƙara can.

Ban san ko wannan zai sauya komai ba. Baffa bai ce ba, ni kuma ban tambaya ba. Rabonsa haƙƙinsa ne, ga shi da iyali, bana kuma ruwa ya ci masa gona.

Asabar, 14 ga Satumba, gab da magariba

Arba'in. Tun safe ake sauka, har tabarmi suka ƙare aka aro na masallaci. Tsofaffin sojoji sun zo da lambobinsu a ƙirji, wasu da sanda, suka jeru a gefe ɗaya. Akawuna suka jingine basukur ɗinsu a katanga. Ina leƙe ta tagar ɗakin ɗinki.

Baffa ya fito cikin shuɗiyar Kofur. Daga baya Baba ne sak. Saje ya juyar da kai ya daɗe bai waiwayo ba.

Bayan addu'a Saje ya miƙe ya faɗi abin da ya sani na amininsa, bai tsawaita ba. Sannan ya ce Malam Audu ya tashi ya ɗaga hannu. Dattijon ya tashi yana mamaki, ya ɗaga duka biyun, rigar ba ta motsa ba. Wani akawu ya matso ya taɓa hammatar ya ce ai bai san marigayi ya bar wata ba. Saje ya ce shekaranjiya aka yanka ta, a cikin gidan nan.

Da jama'a suka watse, liman ya zauna rabon gado, ni da Inna muna bayan labule. Telan Kawo yana bakin ƙofa yana jira. Da aka zo kan keke, Baffa ya yi gyaran murya.

Ya ce, “Malam, abin da ya hau kaina a cikin keken nan na bar wa Kaltume. Ku shaida.”

Liman ya tambaye shi ko ya yi tunani. Ya ce ya yi, tun daga Katabu. Inna ta ce daga bayan labule ita ma ta bar nata. Baffa ya fita da kansa ya ba telan Kawo haƙuri. Da ya dawo ya tsaya a bakin labule ya ce, “Mutanen Zariya kuma ni zan ba su amsa. Ba sai kin ce komai ba.”

Na buɗe baki zan yi godiya. Ya ce in tashi in kawo masa ruwa, rigar nan zafi gare ta.

Litinin, 16 ga Satumba, da safe

Baffa ya koma jiya, da rigar a jikinsa. Gidan ya yi tsit. Na zuba wa keke mai, na zauna, ba ni da abin ɗinkawa. Na fara tunanin ko waɗanda suka yaba ranar Asabar yabon zaman makoki ne kawai, ko akwai namijin da zai kawo wa mace yadinsa.

Ina cikin haka na ji ƙararrawar basukur a waje, wani ya yi sallama ya ce, “Ko tela yana ciki?”

Na zauna ban motsa ba, ina jira a ce masa Allah ya yi wa tela rasuwa. Sai na ji Inna daga ɗakinta, da ƙarfi yadda na waje zai ji.

“Tana ciki. Ke, tashi mana, ke ake kira.”